Makullin da Na Rantse a Kansa

Farin Dutse, Gwaram
Farkon watan Rabi'ul Awwal

Zuwa ga taubashina Malam Yahuza, a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina tambayar jikin matarka Kubra. An ce an kwantar da ita a babban asibiti, kai ne kuma ke jinya. Allah Ya tashi kafaɗunta. Mu nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Waya ba ta da amfani gare ka tun da ƙarar injuna ta cinye maka kunne a gareji, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Zan fara da laifina. Na rantse da Allah cikin fushi, a ƙofar gida, a gaban mutane, ni da nake hana matan Islamiyya saurin rantsuwa. Cewa na yi hannun Haladu ba zai ƙara taɓa makullin motarmu ba muddin ina numfashi.

Ka san a-kori-kurar da marigayi Alhaji Salihu ya bari, wadda ta faɗo a rabona da 'ya'yana. Ka kuma san Haladu, direban da ya tuƙa ta tun maigidana yana raye. Aikinsa shi ne kai matan rugage da ƙoren kindirmonsu kasuwar Gwaram, ya dawo da su. Ranar kasuwar Sara kuwa, Dabo ƙanen marigayi ne ke karɓarta, ya tafi da buhunan riɗi ya dawo da dusa da gishiri. Tun da Dabo ya kai ta aka ƙara mata ƙarfi a ƙarshen damina, ba ta taɓa gaza kaya ba.

To, sai ga rawa. Matan suka zo mini da kuka, wai motar tana karkarwa har kindirmo ya tsinke kafin su isa, masu saye su raina shi. Na tambayi Haladu, ya ce shi ma yana ji, amma bai san dalili ba. Na tambayi Dabo, ya ce: "Yaya, a hannuna lafiyarta ƙalau, kamar a kan katifa nake." Daga baya na ji cewa Haladu ya kwana da ita a wani gareji a cikin Gwaram bai sanar da ni ba. Dabo ya ce haka direbobi suke yi, su cire ƙarfe mai kyau su sayar, a maƙala ruɓaɓɓe. A ranar na karɓe makullin, na yi rantsuwar.

Ban rubuto don ka wanke ni ba. Kai ka san cikin mota, ni ban sani ba. Me ke sa mota rawa a hannun wani, ta natsu a hannun wani?

'Yar'uwarka,
Munawwara

*

Birnin Kudu

Malama Munawwara,

Wa alaikumus salam. Kubra ta amsa gaisuwarki, ta ce a gaya miki har yanzu tana jiran man shanun da kika yi mata alkawari tun bara. Likita ya ce sai an yi mata aiki a ciki. Ku sa mu a addu'a.

Ashe ke ma kina fushi? Da ina kusa da na zo kallo. Tun muna yara idan aka ce ki yi dariya sai ki tambaya ko ta halatta.

A tsaye nake rubutu a barandar ɗakin mata, ki yi haƙuri da hannuna. Mota ba ta san hannun kowa ba. Ba ta fara rawa haka kawai, sai an canza wani abu a ƙarƙashinta. Ki binciko mini abin da aka canza. Sannan ki samo amsar waɗannan: a ina ake jin rawar, a sitiyari ko a mazauni? Lokacin tashi take yi ko sai an yi nisa da gudu? Idan aka ɗaga ƙafa daga totur tana ci gaba? Da kaya take yi ko babu kaya?

Ana kirana da hannu, ga alama za a ba da magani.

Yahuza

*

Farin Dutse
Tsakiyar Rabi'ul Awwal

Malam Yahuza,

Assalamu alaikum. Mun yi wa Kubra addu'a a makaranta, kuma man shanunta yana tare da wannan takarda. Allah Ya sa a yi aikin a sa'a.

Na gode da ka sauke mini nauyi. Ka ce mota ba ta fara rawa sai an canza wani abu a ƙarƙashinta, ka ce in bincika. Na aiki Dabo garejin da aka kwana da ita. Bakaniken bai ɓoye ba: ya ce Haladu ya sa ya cire wani ƙarfe da ake kira kuros, ya sa wani. Ka ga maganarka ta fito daidai.

Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta yi sanyi da jin haka, kuma wannan sanyin ya dame ni. Mumini ba ya murna don an tabbatar da laifin ɗan'uwansa. Amma na ga cewa rantsuwata, duk da cikin fushi na yi ta, ba a kan zalunci ta sauka ba.

Mai unguwa ya zo roƙon in mayar da Haladu, saboda yana da iyali. Na karanta masa layin nan na takardarka, na ce ga hukuncin wanda ya tsufa a cikin injin. Ya yi sallama ya tafi. Na ji labarin ya kai tasha, masu motoci sun daina ba Haladu ko da tuƙin yini. Ban nemi hakan ba, ban kuma hana ba.

Sauran tambayoyinka ban bi su ba, tunda an gano bakin zaren. Motar tana hannun Dabo ranar Sara kawai. Matan kindirmo sun koma hawa babura.

Munawwara

*

Farin Dutse
Farkon Rabi'us Sani

Malam Yahuza,

Assalamu alaikum. Shiru ya yi yawa. Ban san ko takardata ta same ka ba, ban kuma san halin da Kubra take ciki ba. Idan wani abu ya faru, kada ka bar ni in ji a bakin mutane. Idan kuma wata magana tawa ce ta ɓata maka rai, ka faɗa.

Munawwara

*

Birnin Kudu

Munawwara,

Wa alaikumus salam. An yi wa Kubra aiki, ta sha wuya, amma yanzu tana zama har tana shan kunu. Takardarki ta tsakiyar Rabi'ul Awwal tana ƙarƙashin kwanon man shanun da aka ajiye a lokar gefen gado, ban gan ta ba sai jiya da ta bayanta ta iso. Da na gan ta da wuri da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Yau babu wasa a bakina. Kin ɗauki layi ɗaya daga takardata kin yanka mutum da shi, kin bar tambayoyi huɗu a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Ni ban ce Haladu ya yi sata ba. Cewa na yi an canza wani abu, ban ce wa ya canza ba. Har kika kai sunana gaban mai unguwa!

Ki amsa mini wannan, ke da kike son a bi komai daki-daki: rawar ce ta riga, ko kwanan gareji? A takardarki ta farko matan sun yi kuka, Haladu ya ce shi ma yana ji, daga baya ya kai ta gareji. Wanda ya je neman magani ba shi ya kawo ciwon ba. Kuros gaɓa ce a jikin sandar da ke juya tayoyin baya, kuma duk bakaniken da aka kai wa mota mai rawa ita zai fara zargi. Ni ma da ita zan fara.

Na ga Haladu da idona shekaranjiya a bakin kasuwar nan, yana sauke buhuna daga motar wani. Mutum mai furfura a gemu. Ya gaishe ni, na ga bakinsa yana motsi, ban ji abin da ya ce ba. Sai ya rubuta mini a bayan kwalin magani cewa bayan Maulidin ƙauyensu da aka ɗaga zuwa ƙarshen wata zai kwashe iyalinsa ya bar ƙasar Gwaram, don ba zai zauna inda ake nuna 'ya'yansa da baki ba.

Ga abin da za ki yi, kuma da kanki, ba aike ba. Ki sa Dabo ya tuƙa motar babu komai a ciki, ki hau, ki riƙe ƙwarya da ruwa. Ki lura da ruwan lokacin tashi, da lokacin da ya taka totur, da lokacin da ya cire giya ya sa ta a firi ta gangara da kanta. Sannan a loda mata buhuna a sake bin hanyar.

Kuma wane irin ƙarfi ne kika ce an ƙara mata a ƙarshen damina? Na wuce wannan layin a karatun farko, laifina ne.

Yahuza

*

Farin Dutse
Tsakiyar Rabi'us Sani

Malam Yahuza,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da samun sauƙin Kubra. Ka gaishe ta. Faɗanka ya iso, na karanta shi sau da yawa, ban sami inda zan kare kaina ba.

Na yi abin da ka ce. Dabo ya so ya zame, ya ce: "Yaya, ke da ko kasuwa ba kya zuwa, yau ke ce injiniya?" Na ce masa ba ni ce injiniya ba, ni ce mai rantsuwa, ya kawo motar.

Na ƙi shiga gaba. Na ce a baya zan zauna, inda matan suke zama. Da na zo hawa sai ƙafata ta kasa kaiwa, har sai da aka kifa mini turmi na taka. Ina tsaye a kan turmin nan na tuna cewa ranar da muka raka gawar surukata, a bayan motar nan na hau, da wannan gwiwar tawa, ban taka komai ba. Na ce: "Dabo, yaushe motar nan ta yi tsawo haka?" Ya ce: "Ai tun da aka ƙara mata ƙarfi. Ke kika ba da izini."

Gaskiya ya faɗa. A ƙarshen damina ya zo ya ce bayanta yana zama idan an yi lodi, tana gogar ƙasa a kwazazzabon hanyar Sara. Ya ce akwai mai walda da zai ƙara fallayen sifirin, wato ƙarafan da jikin motar ke zaune a kansu, ya sa wani ƙarfe a ƙarƙashinsu ya ɗaga ta, ta riƙa ɗaukar buhuna fiye da da. Marigayi ya sha ƙin wannan shawara, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Ni na amince, kuma abin da ya sa na amince shi ne ƙarin buhunan. A lokacin Haladu yana ƙauyensu wajen girbi. Ya dawo ya tarar da ita a haka.

Ga abin da ƙwarya ta nuna. Babu kaya, muna tashi sai ƙasan motar ya ɗauki karkarwa, na ji ta a ƙashin bayana har haƙorana. Ruwan ya yi ta tsalle yana jiƙa mini hijabi. Duk lokacin da ya taka totur sai ta ƙaru. Na buga gilashin baya na ce ya sa ta a firi. Yana sawa ruwan ya kusa kwantawa. Na leƙa na ce: "Tsakaninka da Allah, sitiyarin yana rawa a hannunka?" Ya ce: "Sitiyari lafiya lau. A kujera nake ji." Na ce: "To yau a hannun wa take rawa?" Ya mayar da idonsa kan hanya.

Muka dawo aka loda buhunan gero, na zauna a kansu. Hanya ɗaya, direba ɗaya. Ruwan bai zuba ba ko ɗigo.

Da muka tsaya Dabo ya zagayo ya ce: "Wallahi Yaya tun da aka ɗaga ta ban taɓa tuƙa ta babu kaya ba sai yau. Ko ranar da na ɗauko ta daga wajen mai walda, siminti na yo lodi." Na yarda da shi, na kuma ce masa ya bar rantsuwa, ta ishe mu a gidan nan.

Na ga abin da ya faru, amma ban fahimci dalilinsa ba. Ina so in fahimta kafin in buɗe baki a karo na uku, domin sau biyu ina magana a kan abin da ban sani ba.

Munawwara

*

Birnin Kudu

Malama,

Wa alaikumus salam. An sallami Kubra, muna gida. Na karanta mata labarin turmi, ta yi dariya har ta riƙe ɗinki, ta ce don Allah a ajiye mata turmin ta zo ta gani.

Ga bayanin. A ƙarƙashin mota akwai doguwar sandar ƙarfe, farfela, ita ke ɗauko juyi daga giya ta kai wa tayoyin baya. A bakinta na gaba da na baya akwai kuros, gaɓa mai lanƙwasa kamar wuyan hannu. Waɗanda suka ƙera motar sun daidaita gaɓoɓin, abin da ta gaba ta karkata ta baya ta mayar, sai juyi ya tafi sumul. Da kuka ɗaga bayan, jikin motar ya yi sama, tayoyi suna ƙasa, sandar ta tsaya a karkace fiye da yadda aka yi ta. Ki ɗauki maburgi ki karkata shi a cikin ƙwarya ki murza, za ki ga abin da nake nufi. Idan buhuna suka danne ta, sai ta sauko kusa da inda take a da, rawar ta ɓace. Mata da ƙoren nono ba su da nauyin da zai danne wannan tulin sifirin. Dabo kullum da lodi, Haladu kullum da kindirmo. Shi ke nan abin da ya raba hannayensu.

Maganin: a cire ƙarfen da aka cusa a ƙarƙashin sifirin gaba ɗaya, a rage fallayen da aka ƙara, a bar ɗaya a kowane gefe. Idan da sauran rawa wajen tashi, a sa siririn ƙarfe mai siffar bakin gatari tsakanin sifirin da aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya ɗan juya bakin aksil ɗin ya dubi sandar yadda ya kamata. A kuma duba kuros ɗin da Haladu ya sa, ina zaton shi ma ya fara ciwuwa. Kada a bar ta haka. Wata rana gaɓar za ta tsinke a kan gudu, da mata a baya.

Wannan shi ne iyakar sanina. Maganar rantsuwa kuwa fagenki ne, ba nawa ba. Abu ɗaya zan tuna miki: wata ya kusa ƙarewa.

Yahuza

*

Farin Dutse
Ƙarshen Rabi'us Sani

Malam Yahuza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na yi farin ciki da komawarku gida. Ka ce wa Kubra turmin yana nan, amma ba a bukatarsa kuma.

An yi aikin yadda ka tsara. Dabo ne ya tsaya a kai, yana ta ƙorafin buhunan da za su ragu. Rawar ta tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba wajen tashi, mai waldar ya ce zai nemo ƙarfen mai bakin gatari. Kuros ɗin ya fara ciwuwa kamar yadda ka zata, an sake shi.

Hukuncin rantsuwa ban jahilce shi ba, na sha karantar da shi: wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga cewa barinsa ya fi alheri, ya bar shi ya yi kaffara. Abin da ban sani ba shi ne nauyinsa a kan mai yi. Zuciyata ta kawo mini dabaru. Ta ce in saya wa Haladu wata sana'a, rantsuwa ta tsaya. Ta ce in sa a yanko sabon makulli, tunda a kan tsohon na rantse. Na ji kunyar wannan tunanin ƙwarai. Daga nan ta ce to in yi azumin kwana uku a ɗakina, babu wanda zai sani. Amma azumi na wanda ba shi da halin ciyarwa ne, ni kuwa rumbuna da hatsi. Na gane ba tsoron Allah ne ya sa nake son azumin ba, tsoron idon mutane ne.

Na dafa abinci na kai gidaje goma da ƙafata. Duk inda aka tambayi dalili na faɗa. Na je wa mai unguwa na ce masa layin da na karanta masa gaskiya ne, amma ni ce na canza abin, ba Haladu ba. Na sa Dabo ya raka ni tasha, wurin da ban taɓa takawa ba, na faɗi haka a gaban shugabansu da direbobin da ke zaune a benci. Wani daga cikinsu ya ce: "Hajiya, da kin aiko ma ya isa." Na ce ba aike na yi ba ranar da na ɓata shi.

Sannan na je gidan Haladu. Na tarar an ɗaure tabarmi da tukwane a tsakar gida. Na miƙa masa makullin, ya mayar da hannayensa baya. Ya ce: "Hajiya, ai kin rantse." Na ce: "Na rantse. Wannan a wuyana yake, ba a naka ba." Ya ce: "Kuros ɗin nan da na sa, don kada ki ji motar Alhaji ta lalace a hannuna ne ban gaya miki ba." Na ce na sani yanzu. Ya ce: "To ba a nan zan karɓa ba. A ƙofar gidanki aka karɓe shi, mutane suna kallo. A can za a mayar."

Na ce ya yi daidai.

Ba komai ne ya gyaru ba. Matarsa, wadda ɗalibata ce, ba ta amsa sallamata ba ranar, har yau kuma ba ta dawo makaranta ba. Ba na ganin laifinta. Amma an kwance tabarmin, kuma jiya ya kai matan kasuwar Gwaram, ɗayarsu ta aiko mini da kindirmo a daskare don in gani.

Ka tambaye ni a kaikaice, zan amsa maka kai tsaye. Ban cika rantsuwata ba. Na karya ta ranar Juma'a bayan La'asar, a ƙofar gidana, a gaban waɗanda suka ji na yi ta, na sa makullin a tafin hannun Haladu da hannuna. Allah Ya karɓi kaffarar, Ya yafe mini abin da kaffara ba ta biya.

'Yar'uwarka,
Munawwara